Dalilin da Ya Sa Rafin Waiwaye Yake Komowa Baya

Dalilin da ya sa rafinmu yake wuce Tungar Kanya, sa'annan ya lanƙwaso ya komo bayan gari, ku matso yara ku ji shi.

A da can babu rafi a nan. Wata shekara rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya za su yi ƙaura. Akwai wata mai ginin tukwane, Barmani, wadda mahaifiyarta, Inna Kande, ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

"Ki bi jama'a, 'yar nan," in ji Inna. "Ni na riga na tsufa a ɗakin nan."

Da safe Barmani ta hau Dutsen Maje, ta yi ta neman danshi har ta iske wani idon ruwa kwance a cikin kogo, shiru kamar mai barci.

Ta durƙusa ta ce, "Ruwa, Innata na jin ƙishi. Ka zo gidanmu."

Ruwan ya motsa. "Ban san hanya ba," in ji shi. "Ki shige gaba in bi sawunki. Amma inda kika taka, nan zan bi har abada."

Ta gangaro, ruwa na biye da ita yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ta kauce wa sheƙar zabuwa, shi ma ya kauce. Ta kewaye tsamiya, ya kewaye. Sanyi na taɓa dugaduganta, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mata hanci, idanunta suka lumshe. Tana tafe kamar a mafarki, har ta wuce gari ba ta sani ba, ta miƙi hanyar daji.

Inna Kande ta ji ƙarar ruwa tana nisa. Ta rarrafo bakin danga, ta tattara ɗan ƙarfinta.

"Barmani! Ina za ki kai shi?"

Barmani ta farka, ta waiwaya. Ta juyo da gudu, ruwa ya juyo tare da ita, har gindin dangarsu. Inna ta tsoma hannu biyu ta sha, ta wanke fuska. Maƙwabta suka fara kwance kayansu.

Shi ya sa har yau rafin yake wuce gari ya komo, muke kuma ce masa Waiwaye. A wannan lanƙwasar, ko da bazara ba ya ƙafewa.