A Sauke Shi Ƙasa da na Auta

Shekara uku da suka wuce Yaya Babba da ƙanensa Auta suka sayi motoci iri ɗaya a rana ɗaya, har launinsu ɗaya. Yaya Babba mai shagon kayan gini ne, mutum mai kyauta da zumunci, amma yana da aibi guda: ba ya iya ganin na bayansa ya fi shi a komai, ko da tsawon gemu ne.

A farkon damina Auta ya kai motarsa gareji. Bakanike ya cire akwatin matatar iska da motar ta zo da shi, ya ɗaura bututu mai zuƙo iska mai sanyi daga bayan bamba, nesa da zafin inji. Motar ta ɗan ƙara ƙarfi, amma muryarta ce ta fi canzawa. In aka taka totur sai ta yi gurnani.

Akwai wani hawa a hanyar gidan mahaifiyarsu. Nan Auta ya wuce yayansa wata ranar Asabar, har ya danna masa hon na gaisuwa. Matar Yaya Babba ta bi motar da kallo, ba da wata manufa ba ta ce, "Kai! Kamar ba tare kuka saya ba."

Ranar Yaya Babba bai ci abincin kirki ba. Da ya ɗaga waya ya tambayi Auta, da ya ji komai, amma a ganinsa tambaya sallamawa ce. Litinin da safe ya nufi garejin.

"Abin da ka yi wa yaron nan za ka yi mini," in ji shi. "Amma nawa ya fi nasa."

"Yallaɓai, ai bututu ne kawai."

"Me ke kawo ƙarfin?"

"Iska mai sanyi. Ta ƙasa ta fi sanyi."

"To, a sauke nawa ƙasa da na Auta."

Bakaniken ya goge hannu da tsumma. "Yallaɓai, wannan bututun hancin mota ne. Nasa ma sai da na ja masa kunne kan ruwa. In na ƙara saukewa, ko kududdufi ka shiga za ta shaƙa, kuma inji ba ya tari ya fitar."

"Na gane," Yaya Babba ya ce. "Abokinka ne, ba ka so a wuce shi."

Bakaniken ya ɗauki sifana ya sauke bututun.

Sati biyu Yaya Babba yana cikin farin ciki. Ko burodi zai saya sai ya bi ta ƙofar gidan Auta ya taka totur.

Sai ranar aikin idon Inna, mahaifiyarsu, ta zo, wanda ta yi wata uku tana jira. Ƙarfe tara likita ya ce. Yaya Babba ya dage a motarsa za ta tafi, Auta ya ɗauko jakarta ya shige gaba a tasa motar. An yi ruwa da asuba, ya taru a ƙarƙashin gada, bai kai gwiwa ba. Ƙananan motoci suna ratsawa a hankali. Auta ya gangara gefe, ya fito da hannu yana nuna hanyar zagaye.

Yaya Babba ya ga hannun. Ya kuma ga cewa, a karo na farko, titi ya buɗe kuma Auta yana tsaye.

"Ƙanenka magana yake maka," in ji Inna.

"Tsoro ne, Inna. Riƙe kujera."

Ya taka. Motar ta yi gurnaninta, ta tura ruwa gaba, ta yi wata irin shaƙuwa a tsakiya, ta mutu. Ya murɗa makulli. Wani abu ya ce ƙwas a cikin inji. Ya sake murɗawa, shiru.

Auta ya naɗe wando ya shigo ruwan. Ya buɗe ƙofa ya durƙusa, Inna ta hau bayansa.

Suna wucewa ta gefen tagar Yaya Babba ta ce, "Ni da ba na gani sosai na ga hannunsa. Kai me ya rufe maka ido?"

Kafin su fita daga cunkoson da motar ta haddasa su zagaya, goma ta wuce. Likita ya shiga ɗakin tiyata da wani, aka ɗaga aikin Inna zuwa bayan wata biyu. Da yamma bakaniken ya buɗe injin, ya zaro sandar fistin da ruwan ya lanƙwasa, ya ajiye a gaban Yaya Babba. Tun daga ranar, Auta ne ke biyowa ya kai shi shago.

Darasi: Mai hassada yana kwaikwayon abin da ɗan'uwansa ya samu, ba ya koyon abin da ɗan'uwan ya sani. Har gargaɗi yakan ɗauka makirci ne. In ka ga wani ya yi gyaran da ya burge ka, ka tambaye shi amfaninsa da haɗarinsa, ko da ƙanenka ne, kuma ka saurari mai sana'a. In ka ƙi, ba kai kaɗai za ka ɗanɗana ba, har da wanda ka ɗauko a kujerar baya.