Guntun Silifar da Valdomiro Ya Cire

Akwai wani maƙwabcinmu a unguwar bakin tashar jiragen ruwa ta Santos, ana ce masa Seu Valdomiro, wato kamar a ce Malam Valdomiro. Ya fi shekara ashirin yana gyaran fliperama, akwatin wasan nan mai rufin gilashi da ake harba ƙwallon ƙarfe a ciki, ana tare ta da 'yan hannuwa biyu. Hannunsa yana da kyau, ba mai musu. Zuciyar ce dai ba ta da faɗi.

Ana nan sai ga Jurema, wata mai gyaran keken ɗinki, ta shigo harkar.

Babbar cutar wannan injin ita ce tsallen ƙwallo. In allunan da ƙwallon ke duka suka kwanta baya, sai ta dake su ta tashi sama, ta fasa duk abin da ta samu. Jurema kuwa guntun tsohuwar silifa take yankowa ta cusa a bayan allo, ya miƙe, ƙwallo ta nutsu. Kafin ka ce kwabo shaguna shida masu irin wannan injin sun bar shi sun koma wajenta.

Abin ya tsaya wa Valdomiro a maƙogwaro. Ko kofi yake sha ya ji an ambace ta, sai ya ture kofin.

"Injiniya mai silifa!" yakan ce in ta zo wucewa. "Yau ƙafar wa za a bari ba takalmi?"

"Taka, Seu Valdomiro, in ka ba ni aro," ta kan amsa, ta wuce tana dariya. Dariyar nan ta fi zagi ƙona masa rai.

Shago ɗaya ya rage masa da yake taƙama da shi, gidan abincin Dona Zuleide, wato Malama Zuleide. Injin da ke wurin na marigayi mijinta ne, Aristides. Shi ya kafa wani ɗan jirgin ruwa na tangaran a ciki, ya rubuta sunanta a jiki. Kullum da safe sai ta goge gilashin daidai saitin jirgin.

Wani mako Valdomiro ya kwanta zazzaɓi. Ranar Asabar da ya leƙo, Dona Zuleide ta ce masa, "Ka warke? Wuta ɗaya ta mutu a injin, na kira Jurema ta canza. Ta ce ba ta taɓa ganin injin da aka kula da shi haka ba."

Shi dai sunan kawai ya ji, yabon bai shiga kunnensa ba. Ya ce zai ɗan duba. Yana ɗage gilashi ya hango guntayen shuɗiyar silifa a bayan alluna uku. Shara a cikin injin da ya raina da hannunsa! Ya sa filaya ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya jefa aljihu, ya mayar da gilashi ko gwaji bai yi ba.

Ranar Lahadi bayan an ci wake da shinkafa aka fara gasar fliperama ta unguwa a gidan abincin. Jurema ma tana wurin. Wani direban tasi, Nivaldo, ya buga ƙwallo da ƙarfi. Ta daki allon tsakiya, ta yi sama.

Tas!

Jirgin ya tarwatse. Dona Zuleide ta dafa gilashin da hannu biyu.

Valdomiro ya zaro guntayen silifar ya watsa a kan tebur. "Ga abin da Jurema ta cusa muku! Sai da na cire wannan ƙazantar jiya."

Jurema ta ɗauki guda ta juya shi. "Ai ban taɓa su ba, Seu Valdomiro. Dubi yadda suka bushe, sun fi shekara goma. Farkon shigowata harkar nan Dona Zuleide ta bar ni na leƙa cikin injin nan. A nan na ga dabarar. Aikinka ne."

Dona Zuleide ta ɗago, idonta jawur. "Ka manta ke nan? Lokacin ba ka da ko akwatin kayan aiki. Ƙwallo na neman fasa jirgin, ka cire silifarka ka yanka, ka tafi gida da ƙafa ɗaya ba takalmi. Aristides har ya rasu yana ba da labarin. Don wannan ne ban taɓa sauya ka ba."

Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba.

Dona Zuleide ta miƙa masa hannu. "Ba ni makullin injin da ke wajenka."

Ya ciro ya ba ta. Ita da Jurema suka ɗage gilashi, suka shiga tsintar gutsattsarin jirgin, suna neman inda sunan yake.

Darasi: Hassada tana rufe wa mutum ido har ya kasa gane alherin da ya shuka da hannunsa, ya tumɓuke shi yana zaton na wani ne. In wani ya ci gaba a sana'arka, ka yi masa fatan alheri, mai yiwuwa a wajenka ya koya. Ku tura wa abokan sana'arku, ko wani zai tsaya ya yi tunani kafin ya ɗauki filaya.