Kuɗin Likkafanin Inna Ladingo

A can zamanin da wuri ne kuɗin duniya, an yi wani sarki wai shi Jatau, mai yawan azurfa da gajen haƙuri. Ya sa maƙera suka buga kuɗi da tambarinsa, ya ce lalle fataken duniya su bar tara wuri, su koma ajiye nasa. Ya ba Waziri Gagare shekara guda ya tabbatar da hakan. In abin ya faskara, a kwance masa rawani, ya bar gari da tsufansa.

To, ku ji halin Sarkin nan. Sau biyu yana rage nauyin kuɗin don yaƙi, ga kuma doka, ba a fita da su ƙofar gari sai da izini. Fatake kuwa ai ba yara ba ne! Su yi ciniki da azurfa da hantsi, kafin la'asar sun mayar da ita wuri.

Shekara ta cika. Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kafin a taɓa rawanina, mu je mu gai da Inna Ladingo."

Ita ce ta goyi Sarki yana jariri. Suka tarar da ita tana kaɗi. Waziri ya roƙe ta ta nuna kuɗin likkafaninta, irin wanda tsofaffi ke ɓoyewa don kada su ɗora wa kowa nauyi ranar mutuwa. Ta jawo tukunya daga ƙarƙashin gado. Wuri ne zalla.

Sarki ya ce, "Haba Inna, har ke?"

Ta kama hannunsa ta ce, "Ɗan nan, ko raina ka nema na ba ka. Amma wuri ba ya fushi, ba ya zuwa yaƙi. Yadda na bar shi haka zan same shi. Naka kuwa, sai yadda ka tashi."

Kunya ta rufe Sarki. Ya bar wa Waziri rawaninsa, ya buɗe ƙofofi, ya rantse ba zai ƙara taɓa nauyin kuɗin ba. Yaƙi ya zo, fari ya zo, ya cije.

Sannu a hankali fatake suka soma ajiye kaɗan, ko da yake ba su rabu da wuri ba. Bayan shekara tara Ladingo ta rasu. Da aka buɗe tukunyar, sai ga azurfa tara a bisa wurin. Ashe duk shekarar da Sarki ya cika alkawari, sai ta jefa ɗaya.

Wayyo, Sarki ya yi kuka kamar yaro! Da taran nan ya saya mata likkafani a hannun wani baƙon farke, shi kuwa ya karɓa ya sa aljihu, ko auna su bai yi ba.