Wanda Ya Ɗora Kura a Kan Rumfa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wani tsohon Raƙumi ne ya dawo daga fataucin kanwa, gwiwoyinsa duk sun yi kanta, ba abin da yake so sai inuwa. Yana shirin kwanciya sai ga Kura. Ta shinshino kilishin da mahauta suka shanya a kan wata doguwar rumfa.

Ta ce, "Baba, don Allah ɗan ɗaga ni."

Ya ce, "'Yar nan, na gaji."

Ta nace, ta nace, har ya durƙusa don ta ƙyale shi. Ta ɗare wuyansa, ya yunƙura da nishi, ya dire ta a sama.

Can ta tarar da Biri, wanda ya bi dirka ya hau. Biri ya ce, "Ke kuma yaya aka yi kika zo nan?"

Ta ce, "Da ƙafafuna na hau, kamar kowa."

Raƙumi kuwa ya ji ta sarai. Ya ja jiki ya kwanta a gindin tsamiya.

Ba a jima ba sai ga mahauta da sanduna. Biri ya sulale ta dirkar da ya sani. Kura ta leƙa nan, ta leƙa can, ba hanya.

Ta ce, "Baba, zo ka sauke ni."

Ko ido bai buɗe ba. Ya ce, "Sauko ta inda kika hau, 'yar nan."

Ta faɗo ta baya, tim. Shi ya sa har yau take jan ƙugu.

Ƙurunƙus kan kusu, ni ma bakina ya gaji.