Ƙullin Tunau

A can zamanin da, tun maharba ba su san bindiga ba, akwai wani kurmi a yamma da garin Tudun Garje wanda ba a shigarsa. Na wasu mutane ne da suka riga kowa zama a wurin, annoba ta cinye su har saura tsohuwa ɗaya, Iya Marka. An ce barewa kan zo ƙofar bukkarta ta sha ruwa a kaskonta, kuma duk wanda ya kutsa kurmin ba da izininta ba sai ya wuni yana zagaya bishiya ɗaya.

Da namun dajin gabas suka ƙare, Sarkin Baka Nomau ya aiki wani maharbi ya roƙe ta. Shi ne Tunau, wanda ake wa kirari da gajere na Kande, mai taka ganye bai yi ƙara ba, kibiya ɗaya nama ɗaya. Mutum ne mai zafin zuciya, amma bai taɓa magana biyu ba.

Iya Marka ta dube shi, ta ce, "Na buɗe maka, ɗan nan. Ku harbi abin da za ku ci. Amma akwai fadama a tsakiya, nan namun dajin suke haihuwa. Ban da kibiya, ban da kare, ban da wuta. Me za ka ba ni jingina?"

Tunau ya ɗaga bakan da ya gada daga kakansa. "Iya, ranar da aka taɓa fadamar nan, da hannuna zan karya shi a gabanki."

Ba ƙaramar rantsuwa ba ce. A zamanin nan, maharbin da ya karya bakansa ya bar farauta ke nan har kabarinsa.

Ya shiga duba kurmin, bai ko taɓa kwarinsa ba, don mai duba daji ba ya harbi. Ya bi sawu, ya murza kashin barewa ya gane ɗanye ne, ya ga inda mazo ke goga ƙaho a jikin marke, ya gano inda suke lasar kanwa. Yakan watsa toka don ya san inda iska ke kai warinsa. Duk inda hanya ta rabu sai ya kama doguwar ciyawa ya ƙulle, kada ya ɓace. A haka yana ƙulli har ya kai bakin fadama. Ga bareyi ciki ya yi musu nauyi, ga 'ya'yan da ƙafarsu ba ta yi ƙwari ba kwance cikin ciyawa. Ya tsaya daga nesa, ya juya a hankali.

A gida ya ce wa Nomau, "Ranka ya daɗe, akwai nama. Sai dai a dakata 'ya'yan su iya gudu, sannan mu riƙa shiga kaɗan-kaɗan ta gefe. Fadama kuwa na rantse a kanta."

"Madalla. Yaya aka yi ba ka ɓace ba?"

"Ciyawa na ƙulla."

Ina ma ya haɗiye maganar nan! Nomau dai tumbi ya riga ya hana shi jan baka, ba abin da yake so irin ya ji maroƙa suna wasa shi. Ya aiki Tunau bayan dutse nemo dafin kibiya. Yana ba da baya, azzalumin ya sa aka buga gangar farauta, ya kwashi gari kaf, da karnuka da kulake da wuta. Ba su sha wahalar neman hanya ba, ƙullin Tunau suka bi har fadama, suka kewaye ta, suka cinna.

Daga kan dutse Tunau ya hango hayaƙi, ya watsar da dafin ya sheƙo a guje. Ya tarar da fadama baƙa ƙirin. Uwaye an jibge su kamar itacen girki, 'ya'yan kuwa sun ƙone inda suke kwance, ko mai ɗauka babu. Abin mamaki, ciyawar da ya ƙulla ita kaɗai wuta ba ta ci ba. Tana nan tsaye shar a jere cikin toka, kowa na gani, tun daga bakin kurmi har wurin ɓarnar.

Nomau ya taho yana washe baki, riƙe da cinyar barewa. "Ga rabonka, Tunau. Cinya ta mai duba daji ce."

"Allah wadanka, Nomau! Ka ci amanata, ka ci ta tsohuwa, ka gasa na ciki da na goye, sannan ka miƙo mini cinya?"

Nan take Tunau ya ɗana kibiya, ya ja baka har kunne, ya auna maƙogwaron Sarkin Baka. Jama'a suka dare. Sai ga Iya Marka tana dogara sanda cikin toka mai zafi, ƙafarta ba takalmi.

Ta ce, "Ba wannan ka yi mini alkawari ba, ɗan nan."

Tunau ya daɗe a haka, hawayen baƙin ciki na zuba. Sannan ya sauke kibiyar, ya ɗora bakan kakansa a gwiwa, ya karya. An ce ƙarar ta kai Tudun Garje, kuma a ranar duk naman da aka kwaso ya yi tsutsa kafin a ɗora tukunya.

Bai sake taka garin ba. Ya bi ƙullinsa ɗaya bayan ɗaya yana kwancewa, yana tsine wa hannunsa. Da ya kwance na bakin fadama sai ruwa ya ɓulɓulo daga gindin ciyawar. Nan ya kafa bukka, ya riƙe tsohuwa har ya binne ta, ya zama manomi mai gadin abin da ya rage. Shekaru suka shuɗe kafin barewa ta sake haihuwa a wurin, kuma ko a lokacin ba wanda ya isa ya ambaci sunan Nomau a gabansa.

Tudun Garje ya zama kufai. Garin da ya taso a bakin ruwan nan shi ake kira Ƙullin Tunau. Har gobe maharbansa ba sa farauta da wuta, kuma duk wanda ya je duba sabon daji, a hanyarsa ta dawowa yakan tsaya ya kwance ciyawar da ya ƙulla, kafin ya shiga gari ya gaida kowa.