Mutumin da Ƙararrawa Ta Shiga Kunnensa

Duk wanda ya ga wannan takarda ya yi haƙuri da rubutuna, ban iya sosai ba. A bayan littafin lissafina nake yi, kuma ba wanda ya sani. Idan ya yi kyau wataƙila in ba Malama ta karanta a Makarantar Lahadi, amma kada a faɗi sunana.

Akwai wani mutum, manomi ne, shi ne kuma mai buga ƙararrawar majami'a a ƙauyensu. Ƙararrawar tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a bishiyar mangwaro. Shekara talatin yana buga ta, kansa dab da ƙarfen, bai taɓa toshe kunne ba. Idan an buga a hankali, sujada ce. Idan an buga ba tsayawa, gobara ce ko ruwa, kowa ya gudu.

Sai duniya ta fara yi masa shiru. Tsuntsaye ne suka fara dainawa. Yana ganin bakinsu yana motsi a kan reshe, amma ba kuka. Daga nan sai ya ga kamar duk mutanen gari sun koma raɗa.

Matarsa ta ce, “Baban Tabita, sau uku na ce tuwo ya huce.”

Ya ce, “To ki buɗe baki mana! Kina magana kamar an sa miki goro goma a kumatu.”

“Maƙwabta ma sun ji ni. Mu je asibitin gari. Akwai nas mai gwada kunne, tana sa wa mutum wani abu a kai, yana ɗaga hannu in ya ji ƙara. Ba allura, ba zafi.”

“Ni za a kai gwaji? Ni da nake tashin gari duka? Ni ba kurma ba ne.”

Ya ɗauki gashin kaza ya sosa kunnen, ya ɗiga man gyaɗa, ya ce datti ne kawai.

Wata Talata da rana tsaka yana gona, sai ya ji ƙararrawa. Ya ce, wa ya taɓa min ƙarfe? Ya yar da fartanya ya ruga majami'a. Ba kowa. Ƙofa a kulle, ƙarfen yana rataye ko motsi ba ya yi, ƙadangare ma yana kwance a kansa. Amma yana jin ta. Ya dafa ƙarfen da hannu biyu, bai daina ji ba. Ya toshe kunnuwansa, sai ƙarar ta ƙaru. Ashe a cikin kansa take.

Haka ta riƙa kiransa. Sau huɗu yana zuwa yana tarar da majami'a ba kowa. Mata a bakin rijiya suka fara tsokanarsa, “Baba, yau kuma mala'iku ne suka yi sujada?” Kunya ta kama shi. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa Fasto ba. Ya yi wa kansa alkawari, ba zai sake amsa ƙararrawar da ba shi ya buga ba.

To, gonarsa a cikin kwari take, a bakin wani kogin yashi. Kogin nan idan an yi ruwa a kan duwatsu can nesa, ambaliya takan sauko lokaci ɗaya, ko da rana tana haske a ƙauyen. Ran nan matarsa tana shanya a tudu sai ta ji rugugin ruwa. Ta san inda mijinta yake. Ta ruga gindin mangwaro, ta ɗauki sandar ƙarfe, ta buga ba tsayawa har tafin hannunta ya fashe.

Mutumin yana sunkuye, ya ba gari baya. Ya ji ta, ƙasa-ƙasa. Ya yi murmushi ya ce, “Na san ki. Yau kam ba za ki mai da ni abin dariya ba.” Ya ci gaba da noma.

Da ya kai ƙarshen kunyar da yake nomewa ya juyo, sai ya ga mutanen gari duka a kan gaɓa. Fasto, da yara, da matarsa ba ɗankwali. Bakin kowa a buɗe, hannuwa suna sama, amma ba sauti ko kaɗan. Ya tsaya yana mamaki, wa ya mutu? Sai ya ji sanyin ruwa a ƙafafunsa.

Bayan kwana biyu aka sami gawarsa, a ƙauye na gaba.

Ga ma'anar misalin, yadda na gane shi. Ƙararrawar ƙarya ita ce muryar girman kai da ke cikinmu, mai cewa lafiyarka lau, kada a yi maka dariya. Ta gaskiya ita ce kiran Ubangiji, kuma sau da yawa ta bakin na gida yake kira. Wanda ya ɓoye ciwonsa don kunya, ranar da aka kira shi da gaske ba zai bambance ba.

Kuma kunnen jiki ma Allah ne ya ba mu, ba na zuciya kaɗai ba. Mai aiki a cikin ƙara ya toshe kunnensa. Kada a sa tsinke ko gashin kaza a ciki. Wanda yake jin ƙara shi kaɗai, ko yake yawan cewa “Me ka ce?”, ya je a gwada tun da wuri. Wani, magani zai ishe shi, wani kuma a ba shi ɗan abin da ake maƙalawa a kunne. Ba abin kunya ba ne.

Babana yana da injin niƙa. Jiya babur ya yi masa hon sau uku a kan titi bai waiwaya ba, ni na ja rigarsa. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ga Mama tana kira in kai masa abinci, kuma ban san yadda yarinya za ta dubi mahaifinta ta ce masa, “Baba, mu je a gwada kunnenka.”