Yadda Shehi Ya Sallami Kafinta Daga Gadin Numfashi

Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da barci a idon bayinsa don jinƙai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk wanda ya taɓa zama gaban Shaihinmu, alimi, zahidi, arifi da Ubangijinsa, Allah ya haskaka makwancinsa, ya san ba abin alfaharinmu a duniya kamar a ce mu ɗalibansa ne. Mutum ne da za ka karanto masa littafi ka tsallake layi ɗaya, ya maido ka kansa idonsa a rufe, ga tsantseni, ga kunya, ga sanyin murya, har ba mu taɓa jin ya ɗaga ta a kan kowa ba. Ba ya son a ba da labarin karamominsa, shi ya sa muka yi shiru da wannan sai bayan wafatinsa, da izinin wanda abin ya faru a kansa.

Akwai wani kafinta a unguwarmu, gwanin gadaje, wanda shi ya haɗa kantocin littattafan da ke ɗakin karatun Shehi. Kafin ciwo ya same shi, ba a yi mai saurin barci kamarsa ba. Da an tashi hutun rana a wurin aiki zai miƙe a kan katako, inji na ta ihu a gefensa, ya yi ta minshari. Matarsa kan ce da shi, "Maigida, kai dai Allah ya yi ka don sana'ar nan, duk gadon da ka ƙera sai ka ɗana barci a kansa kafin mai shi."

A shekarar da wata muguwar mura ta shigo gari, irin wadda take farawa da zazzaɓi da tari ta gangara ƙirji, kafintan nan yana cikin waɗanda ta kayar. Aka kwantar da shi a asibiti, a wani dogon ɗaki mai gadaje goma sha shida, aka sa masa robar iska a hanci, ba a barin dangi su shiga. A gadon da ke damansa akwai wani tsohon tela, siriri, mai barkwanci, wanda tun ranar farko ya tambayi sana'arsa ya laƙaba masa suna Mai Zarto, shi kuma ya rama da kiran sa Baba Mai Almakashi. Marasa lafiya sun yi yawa, nas ɗaya ce take kwana da su, kuma su biyun sun lura cewa yawancin waɗanda ake fita da su a lulluɓe cikin barci numfashinsu ya ɗauke ba wanda ya gani. Sai tsohon ya ce, "Mai Zarto, mu yi rabon gadi. In na yi barci ka zuba wa ƙirjina ido, in ka ga ya tsaya ka ƙwala wa Sista kira. In ka yi barci ni ma haka." Suka yi musafaha a kai, suka riƙa karɓa-karɓa, awa biyu-biyu, da agogon bangon ɗakin.

Dare huɗu suna haka lafiya lau. A na biyar, gadi yana hannun kafinta, zazzaɓin ya sake shi a karo na farko, jikinsa ya yi sanyi, barcin nan nasa na gado ya sace shi bai sani ba. Da ya buɗe ido rana ta fito, gadon dama ba kowa, an cire zanin, an naɗe katifa. Bai tambayi kowa ba, don ya san amsar. Nas ɗin da ta kwana da su ma bai sake ganin ta ba, wata ce ta zo a madadinta.

Bayan mako guda aka sallame shi, ƙirji ya washe, tari ya tafi, amma barci ya ce bai san zancen ba. Zai kwanta a gajiye liƙis, da ido ya fara lumshewa sai ya zabura kamar an watsa masa ruwa, zuciya na bugawa, yana waigen dama. Abin da yake samu a dare bai wuce ɗan gyangyaɗi na minti goma ba. Likita ya ce masa ana yawan ganin haka bayan wannan ciwo, ya hana shi shayi da yamma, ya ce ya ajiye waya tun da wuri, ya riƙa kwanciya a lokaci ɗaya, ya ba shi ƙwayoyi na 'yan kwanaki. Ya bi duka, jikinsa ya ɗan sake, idon dai yana nan a bushe. Matarsa ta sauya labule, ta fitar da agogo daga ɗaki, ta kwashe yara zuwa falo, har ta gaji ta zauna bakin gado ta ce, "Don girman Allah ka gaya mini abin da ke cin ka." Ya ce, "Ba komai, sauran ciwo ne." Kunya ce ta hana shi faɗa, don a ganinsa ya ci amanar mutumin da ya damƙa masa ransa, kuma wanda ya yi haka bai cancanci ya sake runtsawa ba.

Kwana talatin da bakwai yana cikin wannan hali. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ya fara auna katako sau uku yana manta lissafin awon. Ran nan yana tura katako cikin injin tsagawa kansa ya yi nauyi, haƙorin inji ya ɗebe masa naman babban yatsa, Allah ya tsare bai tafi da hannun ba. Mai wurin aikin, wanda ya girme shi kuma yake ƙaunarsa, ya kashe injin ya ce, "Ƙanena, ba na korar ka, amma wallahi ba za ka sake matsar injin nan ba sai ka dawo mini da idonka na da. Ina da amsar da zan ba iyalinka in ka bar hannu a nan?" Ya koma gida da ɗinki biyar a yatsa, yana tunanin sana'arsa ta ƙare, hankalinsa ma yana shirin bin ta.

Bai kai kuka wurin Shehi ba, matarsa ma ba ta kai ba. Shehi ne da kansa, Allah ya ƙara masa yarda, ya ɗago kai muna tsakiyar darasin hantsi ya ce, "A kira mini kafinta, kantar nan tana rawa." Muka dubi kantar, mu dai ba mu ga inda take rawa ba, amma ba a musu da Shehi. Kafinta ya zo da guduma da ƙusoshi a jaka, hannu ɗaure da bandeji, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya nufi kantar. Shehi ya ce, "Ajiye gudumar. Zo nan kusa." Ya matso, ya zauna a kan darduma kansa a sunkuye.

Shehi ya dube shi na ɗan lokaci, irin kallon nan nasa mai sanyaya zuciya, sannan ya ce a hankali, "Mai Zarto, an sallame ka daga gadi tuntuni, saƙon ne bai iso ka ba."

Mu ba mu fahimci komai ba, don ba mu taɓa jin wannan suna ba. Shi kuwa kafinta sai ya ɗago kai a firgice, domin duk duniya mutum ɗaya ne yake kiran sa haka, kuma yana cikin kabari. Ya buɗe baki zai yi magana kuka ya ƙwace masa, ya ce, "Allah gafarta Malam, barci na yi. Ya ba ni amana na yi barci." Shehi ya ce, "Rai ba a hannunka yake ba, ba a hannunsa ba. Kwanta. Yau ni ke gadi."

Ya jawo matashin da yake jingina da shi ya tura masa. Kafinta ya kwanta a nan tsakiyar ɗakin, gaban mutum goma sha ɗaya, kafin a kammala gyara zama ya yi nisa. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, Shehi bai ɗauki maganar gadin nan a matsayin lallashi ba. Rufe littafin ya yi, ya ajiye tabarau, ya zuba wa ƙirjin bawan Allahn nan ido yana tasbihi, bai jingina ba, bai sha ruwa ba, tun hantsi har aka kira azahar, alhali a lokacin ya haura shekara tamanin kuma bayansa na ciwo. Wani daga cikinmu ya yi raɗa cewa zai karɓe shi, Shehi ya girgiza kai ya ce, "Ni na yi alkawarin." Da ladan ya gama kira ya taɓa kafaɗarsa ya tashe shi, suka yi salla tare. Ya ce masa, "Ka ci gaba da bin abin da likita ya ce. In ka je cire ɗinki, ka karɓo saƙonka."

Daren ranar ya yi barci har matarsa ta riƙa kara kunne a hancinsa, tana kuka tana dariya. Bayan kwana uku ya je asibiti a cire masa ɗinki, sai ga shi wadda ta zo da almakashi ita ce nas ɗin da ta kwana da su. Ta dube shi da kyau ta ce, "Ba kai ne na kusa da Baba tela ba? Wayyo, na neme ka! Washegarin daren nan ciwon ya kama ni, wata guda ina kwance." Ta ajiye almakashin ta ba shi labari, cewa tsohon ba cikin barci ya tafi ba. Ya farka da kansa ya kira ta, ta yi duk abin da za ta iya, ta kira likita, da ta juya za ta tashi maƙwabcinsa sai tsohon ya riƙe mata hannu. Ta ce, "Cewa ya yi, ‘Ƙyale shi, 'yata, yau ne ya samu barcin kirki. In ya tashi ki ce da Mai Zarto na sallame shi daga gadi, ya yi ƙoƙari.’ Da kalmar shahada ya cika, yana kallon ka."

Daga asibitin kafinta bai je gida ba, ɗakin karatu ya zo da gudu, ya faɗi gaban Shehi yana maimaita abin da aka gaya masa, mu kuma muna ta kabbara. Shehi bai nuna mamaki ba, bai kuma bari a yabe shi ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa tsohon tela addu'a, muka shafa, sannan ya dubi kafinta ya yi murmushi ya ce, "To, kantar nan fa har yanzu ba a duba ta ba." Kafinta ya tashi yana share hawaye ya girgiza ta, sai ga shi kuwa ƙusa ɗaya ta saki ta baya, inda ido ba ya kaiwa. Ya buga ta da hannunsa mai ciwo, mako na zagayowa ya koma kan injinsa.

Wannan kaɗan ne daga abin da idanunmu suka gani na wannan bawan Allah, kuma muna faɗar sa da ƙarfin murya, muna alfahari, don mun zauna da mutumin da yake rufe littafi saboda ya yi gadin barcin kafinta. Ranar da Shehi ya kwanta ciwon ajali, kafintan nan ne ya nemi alfarma a bar shi ya zauna kusa da gadonsa, ya zuba wa ƙirjinsa ido har aka karɓi rai, wannan karon bai runtsa ba. Ya Allah, ka ɗaukaka darajar Shaihinmu, ka yalwata kabarinsa, ka jiƙan tsohon tela, ka ba duk mai kwana ido biyu barci mai daɗi, ka sa albarkar bayinka na gari ta bi mu da zuriyarmu har ranar da za a tashe mu. Amin.